Faifan Rotadam da Muryar Tubali: Wa Zai Adana Waƙoƙin Arewacin Zamfara?

Gabatarwa

A farkon shekarun 1990 wasu matasa a birnin Rotadam na ƙasar Holan suka ƙago wani irin kiɗa da aka raɗa wa suna gabber. Ma'anar kalmar a bakin 'yan birnin Amstadam ita ce "aboki", asalinta kuwa daga harshen Yidish na Yahudawan Turai. Kiɗa ne na na'ura zalla, babu ganga mai fata, babu mawaƙi mai jan baiti, sai wani bugu mai nauyi da ake sakowa sau 160 zuwa 200 a minti ɗaya, watau kimanin sau uku a kowace daƙiƙa. Duk Bahaushen da kunnensa ya saba da kotso ko kalangu, idan ya ji shi karon farko zai ɗauka injin niƙa ne ya kwance. Dattawan Holan ma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Amma yau, bayan shekara 30 da 'yan kai, faifan wannan kiɗa suna nan a hannun masu tara su, kowane da lambarsa da shekarar da aka buga shi da sunan wanda ya tsara shi, kuma wanda ya ɗora ɗaya a kan na'ura zai ji sautin kusan yadda ya fito daga masana'anta.

To sai a waiwayo ƙasar Shinkafi, inda garin Tubali yake, mahaifar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, mai Bakandamiya. A gangara Zurmi, ƙasar Kassu, makaɗin 'yan tauri da mazaje. Waɗannan mutane ne da jami'o'i suke ba da digiri a kan nazarin waƙoƙinsu. Duk da haka, ɗalibin Galadi ko Kaura Namoda da yake son jin Narambaɗa a yau, abin da zai samu a wurin masu tura waƙoƙi a waya shi ne kwafin kwafin kwafi, cike da shuuu da ƙara, babu shekarar ɗauka, babu sunayen 'yan amshi, babu wurin da aka yi waƙar. Wannan bambanci bai dace a bar shi haka ba, kuma makarantun sakandare na wannan yanki, musamman malaman kimiyya da na Hausa, su ne suka fi cancanta su fara gyara shi. Kafin a kawo hujja, ya kamata a san yadda murya take zama a jikin faifai.

Yadda Faifai Yake Riƙe Murya

Sauti girgiza ce da take tafiya a cikin iska. Idan makaɗi ya bugi fatar kotso, fatar tana kai da komowa da sauri, tana matsa iskar da ke kusa da ita tana saki, har girgizar ta isa dodon kunne. Yawan kai da komowar a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da haz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga kimanin haz 20 zuwa haz 20,000. Ƙananan lambobi su ne amo mai kauri kamar na tambari, manya kuwa su ne amo siriri kamar na sarewa.

A shekarar 1877 Tomas Edison na Amurka ya nuna cewa ana iya sa allura ta zana wannan girgiza a jikin wani abu, sa'an nan a mayar da allurar ta bi zanen, murya ta dawo. Shi a jikin gwangwani mai juyawa ya yi nasa. A 1887 Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe, wanda amfaninsa shi ne ana iya yin hatimin ƙarfe daga faifai guda a buga dubbai da shi. Faifan farko-farko an yi su ne da shalak, wani ƙaro da wasu ƙananan ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Suna juyawa sau 78 a minti, gefe ɗaya bai cika wuce minti uku ba, kuma da sun faɗi sai su fashe kamar tangaran. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba, irin robar da ake kira PVC, mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda gefensa ɗaya yake ɗaukar minti 20 ko fiye. A 1949 kamfanin RCA Victor ya biyo da ƙaramin faifai mai juyi 45.

Wanda ya ƙura wa faifai ido zai ga kamar layuka ne masu yawa, alhali kwari ne guda ɗaya tal, kamar kwarin da ke tsakanin kunya da kunya a gona, wanda ya naɗe daga baki har zuwa tsakiya. Faɗinsa bai fi kaurin gashin kai ba. Ɗalibi yana iya lissafa tsawonsa da kansa: minti 20 sau juyi 33 da sulusi ya ba da juyi kusan 667, matsakaicin da'irar kuwa tana da kimanin santimita 63, idan aka ninka sai a sami mita 420. Watau allura tana tafiyar da ta kai kimanin tsawon filin ƙwallo huɗu kafin gefe ɗaya ya ƙare. A duk tsawon wannan tafiya bangon kwarin yana lanƙwasa hagu da dama daidai da girgizar muryar da aka ɗauka. Allura mai bakin daimon tana bin lanƙwasar, tana kaɗa wani ɗan maganaɗisu a kusa da naɗin waya, motsin ya haifar da lantarki ƙanƙane, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika ta mayar da shi girgizar iska. Darasin maganaɗisu da lantarki da ake koyarwa a ajin fizis ke nan, ba ƙari ba ragi.

Abin da Ya Sa Gabber Ya Zauna a Faifai

Tushen kiɗan gabber wata na'urar buga ganga ce mai suna TR-909, wadda kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1983. Bugunta na asali amo ne mai kauri da santsi. Matasan Rotadam sai suka riƙa tura shi cikin na'urar haɗa sauti da ƙarfin da ya wuce abin da za ta iya ɗauka. Idan aka yi haka, ƙololuwar igiyar sautin tana yankewa, igiya mai lanƙwasa ta koma mai kusurwa kamar matakala. Ilmin lissafi ya nuna cewa igiya mai kusurwa tana ƙunshe da ƙarin sautuka masu ninki uku da biyar da bakwai na asalin. Bugu mai haz 60 sai ya haifi haz 180 da 300 da 420, har gaba. Wannan shi ne sirrin kaushin da kunne yake ji. Abin da injiniya yake ɗauka kuskure ne ya zama musu gishirin miya.

Sai dai irin wannan bugu yana wahalar da faifai. Amo mai kauri yana bukatar kwari mai lanƙwasa da faɗi, idan kuma ya yi yawa allura sai ta yi tsalle ta fice. Masu yankan faifai suna da dabaru uku. Na farko, tun daga 1954 masana'antun Amurka suka amince da wata ƙa'ida ta rage ƙarfin amo mai kauri da ƙara na siriri a lokacin yanka, sa'an nan amfilifaya ta juya abin a lokacin saurare. Na biyu, ana daidaita amo mai kauri a tsakiya, kunnen hagu da na dama su yi tarayya a kansa, don allura ta riƙa motsi gefe da gefe kawai, kada ta yi sama da ƙasa. Na uku, ana ɗora waƙa ɗaya ko biyu kacal a gefen babban faifai mai inci 12, don kwarin ya sami fili. Akwai ma abin da ya shafi wuri: a bakin faifai mai juyi 33 da sulusi kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kimanin santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa ya ragu zuwa kimanin 20, saboda haka sautin baki ya fi na ciki tsabta.

Me ya sa suka jure wannan wahala alhali faifan CD ya fito tun 1982? Dalili shi ne mai sa faifai a wurin rawa yana aiki da na'ura biyu, yana rage gudun wannan yana ƙara na waccan har bugunsu ya zo ɗaya, ya shigar da waƙa cikin waƙa ba tare da rawa ta tsaya ba. Na'urar Technics SL-1200 MK2 ta 1979 tana ba shi damar ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin 100, kuma yana iya dafa faifan da yatsa. Bugu da ƙari, ƙaramin kamfani yana iya buga 'yan ɗaruruwan faifai ya sayar ya mayar da kuɗinsa. Ta haka Paul Elstak ya kafa Rotterdam Records a 1992, Mokum Records ya biyo baya a Amstadam a 1993, bikin Thunderdome kuma ya soma a 1992. Kowane kamfani yana bai wa faifansa lamba a jere, yana buga suna da shekara a jikin takardar tsakiya.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 kasuwar gabber ta faɗi, aka mayar da masu shi abin dariya, ga kuma zargin shan ƙwaya da ya bi wuraren rawarsu, wanda ba abin koyi ba ne ga kowa. Amma faifan ba su ɓace ba, domin an buga su da yawa, an rarraba su a gidaje daban-daban, an kuma rubuta bayaninsu. Da aka buɗe rumbun Discogs a intanet a shekarar 2000 don jera faifan kiɗan na'ura, masu sha'awa suka shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar kanta tana da cibiyar adana sauti da hoto a garin Hilversum, inda ake ajiye kayan rediyo da talabijin a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma masana'antar Record Industry ta garin Haarlem tana cikin manyan masu buga faifai a Turai.

Daga Garmaho Zuwa Waya a Ƙasar Kaura

Arewacin Zamfara bai kasance baƙon faifai ba. Layin dogo daga Zariya ya iso Kaura Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layi, gyaɗa da auduga suna fita, kayan kanti suna shigowa, fatake suna ɗauka zuwa kasuwar Shinkafi da sauran kasuwannin yankin. Garmaho mai wani yana cikin kayan alfarma na attajirai da ma'aikata a wancan zamani. Nijeriya kuma ta yi masana'antar faifai mai ƙarfi: kamfanonin EMI da Decca da Philips, wanda shi ma na Holan ne, sun yi rassa a Legas. Kamfanin Tabansi ya kafa masana'antar buga faifai a Anacha. An buga waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos a faifai. Wani masani Ba'amurke, David Ames, ya ɗauki kiɗe-kiɗen Hausa a ƙasashen Zazzau da Katsina a shekarun 1960, aka fitar da su a faifai biyu cikin jerin hukumar UNESCO, sa'an nan shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Abin da ya kawar da faifai shi ma daga Holan ya fito. A 1963 kamfanin Philips ya nuna kaset a wani bajekoli a birnin Balin. Kaset ya dace da talaka: yana da araha, rikoda tana aiki da batir, ba ta tsalle a mota, kuma kowa yana iya ɗaukar makaɗi a wurin biki ko malami a wurin tafsiri. Ta wannan hanya, da kuma shirye-shiryen Rediyon Kaduna da Rediyon Rima na Sakkwato, muryoyin Narambaɗa da Kassu Zurmi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka shiga kowane lungu. Sauƙin kwafi kuwa shi ya karya masu buga faifai; da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, kamfanonin waje suka sayar da jarinsu suka janye. A daidai shekarun da Rotadam take buga faifan gabber, Nijeriya tana rufe nata babin.

Illar kaset a fili take. Zarensa siriri ne, faɗinsa bai kai milimita huɗu ba, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. Duk lokacin da aka kwafa daga kaset zuwa kaset, shuuu na farko yana hawa kan na biyu, amo siriri yana raguwa, shi ne kuwa yake bambanta "s" da "sh" da "ts" a kunne. Idan batirin rikodar da aka yi ɗauka da ita ya yi sanyi, gudun zare ya ragu, duk wanda ya saurara daga baya da rikoda mai lafiya zai ji murya ta siranta, kiɗa ya yi sauri. Ga harshe mai karin sauti irin Hausa, da waƙa mai cike da tsofaffin kalmomin Gobir da Zamfara, wannan asara ce babba, domin kalma ɗaya da ta dushe tana iya sa manazarci ya rubuta abin da makaɗi bai faɗa ba. Da waya ta zo, sai aka juye waɗannan gajiyayyun kaset zuwa MP3, tsarin da yake zubar da wani ɓangare na sauti don fayil ya ƙanƙance. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa.

Maƙiyan Faifai da Kaset

Abin da ya saura na asali, a akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin gadaje da rumbunan gidajen sarauta, yana fuskantar maƙiya huɗu. Na farko zafi: robar faifai tana soma laushi tun wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, a bazara kuwa inuwa kanta tana wuce digiri 40 a wannan yanki, balle abin da aka bari a rana ko dab da rufin kwano. Faifan da aka jingina a karkace yana lanƙwashewa tun kafin a kai wannan zafi. Na biyu ƙura: a hunturu iska tana bushewa, gogayya tana tara lantarki a jikin roba, faifai ya riƙa jawo ƙura, allura kuma ta niƙa ta a cikin kwari. Na uku laima: da damina fumfuna tana kama zaren kaset da jakar faifai, gara kuma ta cinye takardar da take ɗauke da suna da shekara. Na huɗu shi ne ƙarewar na'urori. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin kunna zaren maganaɗisu da kayan gyaransu suna ƙarewa, ta yadda zare zai iya kasancewa lafiya lau amma babu abin jin sa.

A kan waɗannan sai ga na biyar, wanda ya fi su ciwo. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi. Wanda ya gudu da dare da 'ya'yansa ba zai tsaya ɗaukar akwatin kaset ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Tsofaffin da suka san wanda ake nufi da wani zambo, ko shekarar da aka yi wata waƙa, suna rasuwa a garuruwan da suka yi gudun hijira.

Hujjojin Masu Ja

Akwai masu cewa mutanen da suke neman tsira da rai da abin kai wa baki ba su da lokacin tsohon faifai. Gaskiya ne rai yana gaba da komai. Amma aikin da ake magana bai bukaci kuɗin da za a gina asibiti da shi ba, kuma rashin zaman lafiyar shi ne babban dalilin gaggawa. Gona idan an bar ta bana za a iya noma ta baɗi; kaset guda da ya rage idan ya ƙone, shi ke nan. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Wasu kuma za su ce ai komai yana cikin waya. An riga an ga irin abin da yake cikin wayar. Bayan haka, mimori yana lalacewa ba sallama, waya tana ɓata, shafin intanet yana rufewa. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar. Har manyan kamfanoni ba su tsira ba: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin zaren asali na mawaƙa. Ajiya a wuri guda ba ajiya ba ce.

Akwai masu ƙyamar kiɗa saboda addini, da masu ganin waƙoƙin tauri irin na Kassu ba su dace da lokacin da ake zubar da jini ba. Adana abu daban, yaɗa shi daban. Masanin tarihi da yake son fahimtar yadda al'umma ta ɗauki jarunta da farauta da sata a ƙarnin da ya wuce, shaidarsa tana cikin waɗannan waƙoƙi. Har ila yau, dabarar da za ta ceci waƙa ita ce za ta ceci karatun malaman gari da tafsirinsu da ƙasidunsu, waɗanda su ma a kaset suke, suna fama da zafi da fumfuna iri ɗaya.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a koma wa faifai ɗungurungum, wai ya fi kwamfuta daɗin sauti, suna kafa hujja da Amurka, inda a 2022 aka sayar da faifan roba miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko da roba ta wuce tun 1987. Wannan sha'awa ce, ba awo ba. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni a faifan roba ba ta cika wuce desibel 70 ba, ta CD kuwa 96 ce, kuma roba tana cinyewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da allura ta bi ta. Darasin Rotadam yana cikin ɗabi'u uku: yawan kwafi masu kyau, rarraba su a hannuwa da yawa, da rubuta bayani a jikin kowane. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi gagarumin aiki wajen rubuta matanin waƙoƙi da tarihin makaɗa. Abin da ya rage shi ne a yi wa sautin kansa irin wannan hidima.

Abin da Makarantu Za Su Iya Yi

Matakin farko bai bukaci lantarki ba. Malamin Hausa ya bai wa kowane ɗalibi aikin hutu: ya tambayi iyaye da kakanni ko akwai faifai ko kaset a gida, ya rubuta sunan makaɗi ko malami, da abin da aka rubuta a jiki, da wanda ya ɗauka, da wurin, da shekarar idan an tuna, da wanda aka yi wa waƙar. Kada a karɓe wa kowa kayansa. Littafin rajista guda a kowace makaranta, mai lamba a jere, ya isa.

Na biyu aikin malamin kimiyya ne da kulob ɗin JETS, watau koya wa masu kayan yadda za su kula da su. A tsayar da faifai a miƙe kamar littafi, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da ƙasa. A riƙe shi ta baki, kada yatsa ya taɓa kwari. Faifan roba ana wanke shi da tataccen ruwa, irin wanda ɗakin gwajin kimiyya yake iya tacewa, da burushi mai laushi. Kada sifirit ya kusanci faifan shalak, domin narkar da shi yake yi. Kada a ɗora faifan roba a garmaho mai wani, domin allurar ƙarfe tana danna shi da nauyin da ya wuce giram 100, alhali giram biyu zuwa uku yake bukata. Sau ɗaya ya isa ta kashe shi. Kaset mai fumfuna a ware shi, kada a kunna. Ko fasasshen faifai kada a yar: Carl Haber da abokan aikinsa a Kalifoniya sun ƙera na'urar da take ɗaukar hoton kwari ta mayar da shi sauti ba tare da allura ba, har a 2008 aka ji muryar da wani Bafaranshe, Scott de Martinville, ya zana a takarda mai baƙin hayaƙi tun 1860. Don jawo hankalin aji, malami yana iya naɗe takarda kamar mazurari, ya soke allurar ɗinki a tsininta, ya ɗora a kan faifan Turai da duniya take cike da irinsa, ya juya shi a kan fensir. Ɗalibai za su ji kiɗa yana fitowa babu batir babu waya. Gani ya kori ji.

Na uku shi ne juyewa zuwa kwamfuta, kuma a nan ake bukatar manya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana tsakiyar yankin, tana da masu ilmin lantarki da kwamfuta. Ita ta fi dacewa da ɗaki guda mai na'urar faifai da rikoda masu kyau. Ƙa'idar ma'adanan duniya ita ce a juye a tsarin WAV wanda ba ya zubar da komai. Idan aka ɗauki awon sauti sau 96,000 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin kimanin gigabait biyu, saboda haka ma'ajin terabait ɗaya zai ɗauki awa 480. A yi kwafi uku: ɗaya a Kaura, ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ɗaya a wajen jihar, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa a Kaduna. A mayar wa mai kaya kayansa tare da kwafi, a kuma nemi yardar iyalan makaɗa kafin a yaɗa komai, domin haƙƙinsu ne.

Wannan ba mafarki ba ne, an yi shi a Afirka ta Yamma. A ƙasar Gini, da tallafin shirin ceton ma'adanai na Laburaren Biritaniya, masani Graeme Counsel da ma'aikatan gidan rediyon ƙasar sun juye waƙoƙi fiye da 9,000 daga tsofaffin zare tsakanin 2008 da 2013. Faifan Tabansi ma wani kamfanin Landan mai suna BBE ya soma sake buga su a 2019. Idan masu abu ba su motsa ba, wata rana jikokin Narambaɗa za su nemi muryar kakansu a hannun baƙi.

Kammalawa

Babu wanda yake bukatar kiɗan gabber a Galadi ko Zurmi. Kotso da kalangu da taushi sun wadatar. Abin ɗauka daga matasan Rotadam shi ne ba su jira hukuma ko jami'a ta ce kiɗansu yana da daraja ba kafin su sa masa lamba su rubuta shekara. Arewacin Zamfara yana da abin da ya fi nasu tsufa da zurfin harshe, yana da ɗalibai dubbai masu iya rubutu, yana da malaman da suka san maganaɗisu da sinadarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma littafin rajista guda da biro ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Shugaban makarantar da ya buɗe wannan littafi a zangon karatu mai zuwa, ya tura ɗalibansa wurin tsofaffi tun suna da rai, shi ne zai sa ɗalibin da za a haifa nan gaba ya ji Bakandamiya da kalmominta a sarari.